An tura ni aiki Riyad ni kaɗai, ban taɓa zuwa ba: ta ina zan fara?

Wani matashi cikin yaranmu na Makka ne ya aiko da wannan tambaya. Ya ce a Shara Mansur, unguwar Hausawa a Makka, aka haife shi, shekara biyu ke nan yana aikin gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da wani kamfani a Jidda, yanzu kuma kamfanin zai tura shi Riyad na kwana biyar ya duba manyan injunan sanyaya wani ginin ofisoshi a arewacin birnin. Bai taɓa wuce Madina da Ɗa'if ba, can ɗin ma tare da iyaye. Igamarsa, wato katin izinin zamansa a ƙasar, tana da rai. Yana son ya san abin da zai shirya, inda zai sauka, yadda zai yi da zirga-zirga, da kuma ko gaskiya ne mutanen Riyad ba su da sakin fuska irin ta mutanen Hijaz, yankin su Makka da Jidda.

Ƙanena, Allah ya sa albarka a wannan tafiya. Kamfani ba ya tura yaro shi kaɗai sai ya yarda da hannunsa, saboda haka ka fara da godiya. Na zauna a Riyad shekara goma sha ɗaya, kuma a mafi yawansu aikina shi ne tarbar ma'aikatan da ake turowa daga reshenmu na Jidda: in sama musu masauki, in haɗa su da wurin aiki, in tattara takardun abin da suka kashe. Na ga waɗanda tafiyar ta yi musu kyau, na ga waɗanda suka koma da ɓacin rai. A cikin waɗanda suka koma da ɓacin rai, da wuya ka samu wanda wani ya cuta. Kusan dukkansu nisa ne ya kayar da su, don haka da nisan zan fara.

A Jidda kana da teku. Ko ka ɓace, ka san yamma tana inda ruwa yake, birnin kuma ya miƙe ne a gefensa. A Makka kana da Harami da duwatsu, hasumiyar agogo tana kallonka daga ko'ina. Riyad shimfiɗe take a tsakiyar Najad, a kan tudu mai tsayin kimanin mita 600, mutanenta sun kai kusan miliyan 7 a ƙidayar 2022, wato kusan ninki biyun Jidda. A farkon shekarun 1970 wani masanin tsara birane ɗan ƙasar Girka mai suna Doxiadis ya zana mata taswira, ya yanka ta gida-gida, kowane gida kilomita 2 a tsaye, kilomita 2 a kwance, manyan tituna suna ratsa tsakani. Shi ya sa in ka duba taswira a waya za ka ga kamar masaukinka da wurin aikinka maƙwabta ne, layi huɗu kacal a tsakani. Layi huɗun nan kilomita 8 ne. Unguwannin kuma kamarsu ɗaya: katanga ruwan ƙasa, masallaci, kantin magani, gidan mai, sai wata katangar. Mutanen garin da lambar mafita suke kwatance, wato makharaj na titin zoben da ya kewaye birnin. Za ka ji an ce makharaj 5, makharaj 10, makharaj 15, kowa ya san inda ake nufi sai kai. Kada ka ji kunyar cewa ba ka sani ba. Ka ce a turo maka wurin ta waya, ka kuma nemi gajeren adireshin ginin, mai haruffa huɗu da lambobi huɗu, domin manyan gine-gine suna da ƙofa uku ko huɗu, ta ma'aikatan gyara kuma galibi tana baya.

Zuwana na farko, tun kafin a yi metro, wani ɗan'uwa ya ce in sauka a Baɗha, unguwar kasuwa a tsohon gari, wai ɗaki da araha, abinci da araha, ga baƙi 'yan'uwana. Duk gaskiya ya faɗa. Abin da bai sani ba shi ne wurin aikina yana can ƙarshen arewa. Na yi sallar asuba, na sha shayi a natse, na fito ƙarfe bakwai ina ganin na yi sammako. Titin Sarki Fahad ya riƙe ni kamar an ɗaure motar. Ina kallon agogo, ina kallon jajayen fitilun bayan motoci har iyakar gani. Da na isa, mutumin da zai sa hannu a takardar shigata ya riga ya shiga taro, mai gadi kuma ya ce ba shi da ikon buɗe mini. Na zauna a gefen rumfarsa da akwatin kayan aiki a tsakanin ƙafafuna har azahar. Ranar ta tafi a banza, kuma abin da na rage a kuɗin ɗaki na biya shi ninki biyu a kuɗin mota. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin rana ta farko ita ce ranar da ake yi wa mutum hukunci.

To ka sauka kusa da aikinka, ko da ɗakin ya fi tsada. In da hali, inda za ka isa cikin minti goma sha biyar. In kamfani ne zai kama maka, ka ba su sunan unguwar da ginin yake, ka roƙe su kada su duba araha kawai. In kai za ka kama, nemi shigga mafrusha, irin ɗakunan haya masu kayan ɗaki da ɗan madafi. Sun fi otal sauƙi, kuma za ka iya dafa shayinka. Ka kama tun yanzu. Daga watan Oktoba, lokacin da ake fara bukukuwan Mausim Riyad, da kuma duk makon da ake babban taro a birnin, kuɗin ɗaki yakan yi tashin gwauron zabo, wani lokaci ma ka rasa gaba ɗaya.

Yanzu an samu sauƙi da metro. An buɗe shi a Disambar 2024, layi shida, tsawon kilomita 176, tashoshi 85, kuma babu direba a ciki. Tikitin awa biyu riyal 4 ne, na mako guda riyal 40, kana iya saye ta manhajar darb ko ka ɗora katin bankinka a ƙofar shiga. Layuka biyu za ka riƙe a kai. Rawaya shi ne mai ɗauko ka daga filin jirgin Sarki Khalid ya kawo ka unguwar hada-hadar kuɗi ta Sarki Abdullah, inda dogayen gine-ginen gilashi suke. Shuɗi kuma daga nan ya ratsa birnin daga arewa zuwa kudu, ta Ulayya har Baɗha da tsohon gari. Ka lura da tarago: akwai na masu tikitin daraja ta ɗaya, akwai na iyali, akwai na maza marasa iyali, kai na ƙarshen za ka shiga. Amma kada ka ɗauka metro zai kai ka bakin ƙofa. Tsakanin tasha da ginin da kake nema ana iya samun tafiyar kilomita guda ko biyu a titin da ba inuwa, kai kuma da kayan aiki. Ranar farko ka kira mota ta manhaja, Uber ko Careem ko makamancinsu, ka koyi hanya da idonka, sauran ranakun sai ka gwada metro. A filin jirgi za ka ga masu tare baƙi suna cewa taksi, taksi. Ka wuce su da sallama. Hayar mota kuwa ba na ba ka shawararta a zuwan farko. Tuƙin Riyad yana da gudu, mafita ɗaya in ta wuce ka sai ka yi zagayen kilomita da yawa, kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi kuma ba su san baƙo ba.

Tafiyar kanta ba wuya. Ta mota kusan kilomita 950 ne ta hanyar Ɗa'if, yini guda cur, kuma jirgin ƙasan Haramaini bai zuwa Riyad. Ta sama kimanin awa ɗaya da rabi ne. Tunda makon aiki daga Lahadi yake farawa, ka tashi ranar Asabar da rana, ka kwana a can, ka je ka ga ƙofar ginin da idonka tun da yamma. Ka duba lambar zauren da ke kan tikitinka da kyau, zuwa da dawowa, domin zaurukan filin jirgin Riyad a rarrabe suke. Kayan aikinka na ƙarfe su shiga cikin jakar da za a auna, batura da abin cajin waya su zauna a hannunka, tulun gas na mukayyif kuwa ba ya hawa jirgi ko kaɗan, sai kamfani ya tanadar maka a can. In wani ya ba ka saƙo ka kai wa ɗan'uwansa, ka buɗe a gabansa ka gani. Magani kuwa, ko na wane ne, kada ka karɓa. Na san yadda nauyin ƙin karɓar saƙon babba yake a wurinmu, amma jakar da sunanka take tafiya, kai za a tambaya.

Sai maganar takardu, wadda yaranmu suka fi sakaci da ita saboda kunyar manya. Igama mai rai ta ishe ka hawa jirgi da kama ɗaki. Ka tafi da katin kansa, ka kuma tabbatar Absher ɗinka, wato manhajar hukuma mai ɗauke da takardunka, yana buɗewa, lambar wayar da ke karɓar saƙon shiga tana hannunka. Bayan wannan ka nemi kamfani ya ba ka takarda mai hatimi da ta faɗi sunanka, lambar igamarka, inda aka tura ka da kwanakin da za ka yi. Dalili shi ne doka ba ta yarda baƙo ya yi aiki a wurin wanda ba shi ne ya ɗauke shi ba. In masu bincike suka same ka a ginin wani kamfani da sukundireba a hannu, wannan takarda ce za ta yi magana a madadinka. Akwai kuma tsarin Ajir, wanda ta nan ake fitar da izinin ma'aikacin da zai yi aiki na ɗan lokaci a harabar wani kamfani. Ka tambayi ofishin ma'aikatanku kai tsaye ko aikinka yana buƙatarsa, in yana buƙata su fitar kafin ka tashi. Wannan nauyinsu ne, tambayar kuma ba rashin ladabi ba ce. A kan wannan dalilin ne nake ce maka, in wani da ka haɗu da shi ya ce ka zo gidansa da dare ka duba masa mukayyif ya ba ka wani abu, ka ba shi haƙuri.

Kuɗi ma a gama maganarsu a Jidda. Ka tambaya a fili: nawa ne intidab, wato kuɗin guzurin kowace rana? Abinci da mota suna ciki ko dabam ake biya? Za a ba ka kafin tafiya ko sai ka dawo? Kowane kamfani da tsarinsa, kuma abin da aka faɗa da baki a bakin ƙofa shi ne ake mantawa. Ka sa a rubuto maka ko da ta saƙon waya ne. Duk abin da ka saya ka karɓi fatura, wato rasit, irin mai ɗauke da lambar harajin kanti da ɗan murabba'in nan da ake haskawa da waya, ka ɗauki hotonta nan take, domin rubutun irin takardar nan yakan goge in ta kwana a aljihu cikin zafi. Na sha ganin yaro ya kashe ɗaruruwan riyal daga albashinsa, ya zo mini da farar takarda da ba a iya karanta komai a kai, ni kuma ba yadda zan yi in shigar masa. Ka duba katin inshorar lafiyarka ka san asibiti ɗaya kusa da masaukinka da ke karɓarsa. In ka ji rauni a bakin aiki, ko a hanyar da aikin ya sa ka bi, ka sanar da kamfani a rubuce a ranar, domin inshorar haɗarin aiki ta hukuma ta shafi baƙi ma. Lambar gaggawa a Riyad 911 ce.

Jikinka zai ji canji tun daren farko. Kai ɗan gumi ne, ka saba da iskar Jidda mai laima. Iskar Riyad busasshiya ce, irin ta hunturun ƙasar Hausa da iyayenmu suke ba da labari: leɓe ya tsage, hanci ya bushe har ya yi haɓo, fata ta yi fari. Haɗarin shi ne gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba, alhali kana kan rufin bene a zafin da ya haura digiri 40. Ka riƙa shan ruwa ko ba ka ji ƙishi ba. In tafiyar ta faɗo tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, doka ta hana sa ma'aikaci aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, kuma kan rufi rana ce. Ka tsara aikin sama da sassafe, na cikin ɗakin injuna da tsakar rana. In kuwa lokacin sanyi ne, ka tafi da rigar sanyi ta gaske. Daren Disamba da Janairu a Riyad yana sauka ƙasa da digiri 10, abin da ɗan Jidda bai san shi ba.

Akwai abin da ya girgiza ni a daren farko wanda ba wanda ya gaya mini. Na shimfiɗa darduma, na juya gabas kamar yadda na saba, sai na ga alamar da aka manna a rufin ɗakin tana nuna bayana. Mu Hausawa har cewa muke mutum ya fuskanci gabas, ma'ana ya yi salla. A Kano gabas ce, a Jidda ma gabas ce. A Riyad alƙibla tana yamma, ta ɗan karkata kudu. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na ɗan lokaci, a nan ne na ji a jikina cewa na tsallake Ka'aba, na bar ta a bayana, na yi nisa da gida. Ka duba alama ko ka tambaya kafin ka tayar. Lokutan salla ma sun riga na Jidda da kusan rabin awa, magaribar hunturu ma fiye da haka, don haka ka canja birnin a manhajar wayarka. Batun ƙasaru kuwa, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta, wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya zama mazauni, sai ya cika. Kai da za ka sauka Asabar ka tashi Alhamis ka shiga wannan hukunci. Ka nemi masallacin layinku ka lazimce shi. Zuwa rana ta uku za ka ga dattijon da ke sahun gaba ya fara miƙo maka hannu.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta ƙarshe. Mutanen Najad ba su da saurin sabo irin na Hijaz, wannan gaskiya ne. Ɗan Makka ya tashi yana ganin alhazan duniya a ƙofar gidansu, wasa da baƙo a jininsa yake. Ɗan Riyad yakan fara da kamewa, gaisuwa a taƙaice, ba yawan raha. Yaranmu sukan fassara wannan da girman kai, ni kuma zaman da na yi da su ya nuna mini yawanci nauyin baki ne da son a san matsayin kowa, abin da mu ma muka sani a gidajen sarauta. In ka kira babba ya amsa da "sam", yana nufin faɗi, ina jin ka. In ka roƙi abu ya ce "abshir", ya ɗauki alkawari. Za ka ji ana cewa "ɗal umrak" ga manya, wanda shi ne ranka ya daɗe namu ba ragi ba ƙari, kuma in ka yi amfani da shi ga dattijo za ka ga fuskarsa ta saki. Inda kake cewa "dahhin", wato yanzu, su "alhin" suke cewa, inda kake cewa "esh", wato mene ne, su ce "wesh". Ba sai ka kwaikwaye su ba. Larabcinka na Makka ba abin ɓoyewa ba ne, da yawa ma suna jin daɗin jinsa. Ka dai tambayi alkunyar mutum, Abu wane, ka kira shi da ita. In an zuba maka gahwa, wato kofinsu, ka karɓa da dama, kada ka ajiye finjalin, ɗan kofin da ake sha da shi, a ƙasa da kofi a ciki, in ka ƙoshi ka ɗan girgiza shi yayin miƙawa, in ba haka ba za a ci gaba da zubawa.

Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba. A Shara Mansur ba wanda zai dube ka sau biyu. A Riyad za ka iya haɗuwa da wanda zai yi maka karyayyen Larabci don ya ɗauka jiya ka sauka, ko mai gadin da zai daɗe yana juya igamarka fiye da ta wanda ya gabace ka, ko mai tambayar asalinka da wata irin murya. Ya faru da ni, kuma yana da zafi. Abin da na koya shi ne in amsa a natse da cikakken Larabci, in faɗi ko ni wane ne ba tare da sunkuyar da kai ba: Bahaushe, haifaffen Makka. Sunan Hausawi ba baƙo ba ne a wannan birni. Usama Hausawi, ɗan Makka kamarka, ya buga wa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Hilal ta Riyad, shi ne kuma ya ɗaura kambun kyaftin na ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha. Kada ka biye wa kowa da faɗa a wurin aiki. In abin ya wuce kima, ka kai wa wanda ya turo ka, a rubuce. Wayarka kuma ka kiyaye ta: kada ka ɗauki hoton mutane ba da izininsu ba, ko ginin hukuma, ko haɗarin mota. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗauri har shekara guda ko tara har riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. Ko injin da kake gyarawa, ka nemi izinin mai ginin kafin ka ɗauka.

Abinci ba zai ba ka wahala ba. Ful da tamis, wato wake da gurasa, suna nan da safe kamar gida. Da rana ka shiga gidan bukhari ko na kabsa, ka ce a ba ka nus habba, wato rabin kaza, da shinkafa, za a shimfiɗa maka leda a ɗan keɓaɓɓen wuri mai kafet, ka zauna ka miƙe ƙafa. Cin abinci kai kaɗai zai yi maka wani iri a ranar farko, kai da ka saba da hannu biyar a faranti, amma ka waiga za ka ga rabin masu cin su kaɗai ne, garin ma'aikata ne. Ka ɗanɗani jarish sau ɗaya, alkama ce da aka ɓarza aka dafa da nono har ta yi laushi, abincin Najad na asali. Tsiren da 'yan Makka suka karɓa daga hannun kakanninmu suke kira siriya, wannan ka bari sai ka koma.

Dare shi ne mai nauyi. Bayan isha'i za ka rufe ƙofa, ba muryar Hajiya, ba ƙannen da ke faɗa a kan caja, sai ƙarar mukayyif. Manyan maza na gani wannan shirun ya dame su. Ka sa lokaci guda kullum da za ka kira gida, ka gaya wa mutum ɗaya sunan masaukinka da lambar ɗakinka. Sannan ka ware yamma ɗaya ka fita ka ga garin, domin na tsani in ga yaro ya yi kwana biyar a Riyad bai san komai ba sai ɗakinsa da ɗakin injuna.

In yamma ɗaya ce tak, ga inda zan tura ka. Ka hau shuɗin layi bayan la'asar, ka sauka a tashar Ƙasrul Hukum, ka taka zuwa Masmak. Ganuwa ce ta jar ƙasa mai hasumiya huɗu, a tsakiyar unguwar Dira. Nan ne a Janairun 1902 Abdul'aziz ɗan Abdurrahman, yana saurayi kamar kai, ya zo daga Kuwait da 'yan mutane kaɗan ya ƙwace garin daga hannun wakilin gidan Rashid, daga nan aka fara tafiyar da ta kai ga kafa masarautar a 1932. A jikin ƙofar katakon akwai tsinin mashi da ya karye ya maƙale tun ranar, ka matsa kusa ka gani. Ni abin da ya fi kama ni shi ne bangon kansa, ƙasa da ciyawa, da kaurinsa, da sanyin da ke ciki. Hannuna na ɗora a kai na tuna ginin ƙasa na Kano da Zariya. Duk gilashin da ka baro a arewa daga wannan ɗan fili ya tsiro. Ka duba lokutan buɗewa kafin ka tafi. In an kira magariba ka yi ta a babban masallacin Imam Turki da ke gefe, ka fito ka ratsa kasuwar Zal, inda ake sayar da darduma da turaren wuta da alkyabba da tsofaffin butocin gahwa. Ka yi ciniki, ba a jin haushi. In ka samu yamma ta biyu, akwai Dir'iyya a gefen Wadi Hanifa, mazaunin daular Saudiyya ta farko da sojojin Ibrahim Basha suka rusa a 1818, wadda unguwarta ta Ɗuraif ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya a 2010. Gidajen abincin wajen suna da tsada, ka ci kafin ka je. Ko kuma ka hau hasumiyar Mamlaka mai tsayin mita 302, ka tsaya a gadar hawa na 99 daf da faɗuwar rana, ka ga layukan nan da na gaya maka sun kunna fitila sun miƙe har inda ido ya gaza.

Ranar Alhamis kada ka bar ginin sai wanda ke da alhakin wurin ya sa hannu da hatimi a takardar kammala aiki, an rubuta abin da ka gyara da abin da ya rage da kayan da ake buƙata. Ka ɗauki hotonta ka tura wa shugabanka kafin ka fita ƙofa. Yammacin Alhamis kowa barin gari yake yi, hanyar filin jirgi takan cushe, saboda haka ka fito awa uku kafin tashi, in kayanka ba su yi nauyi ba ka bi rawayan layi. Tsarabar Hajiya kuma ka saye ta tun ranar Laraba: dabinon sukkari na Ƙasim, mai laushi, ka ce a naɗe maka kwalin da leda sosai don kada ya jiƙa maka tufafi.